Lawali Mai Fanka da Ƙugin Ɗakin Ɗan Fari

A unguwar Bani Harisa ta Madina, in ka ce Lawali kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Lawali mai fanka, ko yaron da bai iya Hausa ba zai nuna maka lungun. Shagonsa ɗan tsukuku ne a jikin gidansa, fukafukan fanka a rataye har rufi, ƙasa kuma injinan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin mai ruwa da ciyawa wadda mutanen Madina suka daɗe suna dogara da ita. A garin aka haife shi. Mahaifinsa ne ya taso daga ƙasar Gobir da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana cirar auduga, ya haye teku, ya zo ziyara, ya ce shi kuma ba inda za shi.

Lawali bai yi karatu mai nisa ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Za a aiko masa da fanka, ya kunna, ya karkata kai, ya ce, "Ƙishin mai take ji." Galibi kuwa hakan ne. Maganin ma ɗaya ne, 'yar kwalbar man keken ɗinki da ba ta rabuwa da aljihun gabansa, har ta yi wa kowace rigarsa tabo a ƙirji.

Sunansa ma ya gaya maka ɗan fari ne. Mahaifinsa ya zo da al'adar gida a ƙunshe, bai zubar da komai a hanya ba: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a zama hira da shi. Har tsohon ya rasu, Lawali bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba. "Kai" ne, ko "wannan". Bai ɗauki abin cuta ba. Da Allah ya ba shi nasa ɗan farin, Walid, sai ya yi yadda ya ga an yi. Maƙwabta Larabawa in suka kira shi Abu Walid, sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da wani abu. Matarsa Ƙaltume kuwa, haihuwar Makka, tun ranar suna ta ce ita wannan kunyar ta faɗa teku tare da ƙunshin kakarta. Da baki cike take kiran ɗanta, Walidu zo, Walidu tafi.

Walid ya tashi yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa ita, da Larabci zai mayar maka. Da uwarsa akwai hira. Da ubansa kuwa "ɗayyib" ne da "halas", wato "to" da "shi ke nan". Har ya zama saurayi mai gemu, ya samu aiki a wani otal kusa da Harami, babban masallacin garin, Lawali bai ga aibin wannan zama ba. Sai shekarar da Sharfuddeen ya shigo gidan.

Abin haushin, shi da kansa ya kawo shi. A shimfiɗar buɗa-baki suka haɗu cikin Harami, ya ji wani dogon yaro yana gode wa mai raba dabino da Hausa. Ɗalibin jami'ar Musulunci ne, mutumin Zariya, mai ladabi, mai saurin dariya. Lawali ya ce ya zo ya ci tuwon gida. Ya zo, ya ci, ya yaba miyar Ƙaltume har ta ƙara masa. Ya sake zuwa. Kafin zafi ya shigo, ba wajen Lawali yake zuwa ba kuma. Ya durƙusa a ƙofar shago ya ce, "Baba, barka da aiki," sai ya haye sama ɗakin Walid.

Wata la'asar Lawali yana hawa bene zai duba mukayyif ɗin soro, ya ji wata murya daga ɗakin tana cewa, "Kai dai wallahi ba ka da kirki." Aka bushe da dariya. Ya tsaya a kan matakala. Muryar ɗansa ce, kuma Hausa ce. Tana tuntuɓe, tana jingina da Larabci nan da can, amma Hausa ce. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sauko, ya manta abin da ya hau yi.

Ya tarar da Ƙaltume tana tsince shinkafa. Ya ce, "Ashe wannan ya iya magana."

Ta ce, "Wane wannan? Ɗiyanka biyar."

"Kin san wanda nake nufi."

"Tun yaushe ya iya. Mai yi masa ne bai samu ba."

Ya koma shago ya kama wata fanka da ba abin da ya same ta, ya kwance ta.

A cikin zafin shekarar ne samarin suka ce za su haɗa kwamfuta da hannunsu. Ba sayen haɗaɗɗiya ba. Sharfuddeen ya koya wajen abokan ɗakinsa, ya ce in ka sayi kayan ɗai-ɗai ka ɗaura da kanka, ka san abin da ke cikin kayanka. Kwalaye suka yi ta shigowa, ana wucewa da su ta gaban shago. Lawali yana gani yana kau da kai. Abin da bai iya kau da kai daga gare shi ba shi ne ranar da ya hangi sabon sukundireba mai jan mariƙi a hannun Walid. Sayowa suka yi. Ga gwangwani cike da sukundireba a shagon ubansa, kowane kai da kowane tsawo, amma aka shiga mota aka je kanti.

Ranar da suka kunna ta, allo ya kawo haske, suka tafa hannu. Sai kuma ga ƙara. Wani irin ƙugi ne kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani, can a ƙarƙashinsa kuma wani siririn fito mai shiga haƙori. Wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya taso, wani lokaci na'urar ta mutu da kanta ta sake tashi.

Suka shiga nema. Suka cire kayan ciki ɗaya bayan ɗaya suna kunnawa, ƙugi na nan. Suka tsayar da 'yar fankar tsakiya da yatsa, ƙugi na nan. Suka sake ɗaure kowace kusa. Daga baya Sharfuddeen ya naɗe jarida kamar bututu, ya kafa a kunne yana bin cikin na'urar lungu-lungu, har ya tsaya a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da ke can baya, wanda wayar bango ke shiga cikinsa ya raba wa sauran kaya wuta. Su suna ce masa bawar. Daga nan ƙarar take.

Duk wannan Lawali ya sani, don mukayyif ɗin soro bai taɓa samun dubawa irin ta wannan makon ba. Da safe a duba shi, da la'asar a duba shi, hanyar kuma ta ƙofar ɗakin Walid ta bi. Ya ji ƙugin tun ranar farko, ya kuma leƙa ya ga akwatin yana da 'yar fanka a bayansa. A ransa ya gama yanke hukunci. Jira kawai yake a tambaye shi.

An kuwa tambaye shi, sai dai ba bakin da yake jira ba. Suna cin abincin rana, Sharfuddeen ya ce, "Baba, ko za ka ɗan saurara mana abin nan? Kowa a unguwa kunnenka yake yabo."

Lawali ya ci gaba da mulmula loma. Bai dubi ɗansa ba, amma duk jikinsa yana wajen.

Walid ya ce wa abokinsa da Larabci, "Ƙyale shi, wannan ba irin aikinsa ba ne. Ba fanka ba ce."

Lawali ya kai loma baki, ya tauna a hankali, ya ce, "Ina da aiki da yawa, ustazu. Ku da kuka yi karatu ai kun fi kusa."

Kashegari Sharfuddeen ya ɗauki na'urar ya tafi da ita ɗakinsa na jami'a. Ya dawo yana mamaki. Ya ce can ta yini a kunne, ko tari ba ta yi ba. Aka mayar da ita ɗakin Walid, aka kunna, sai ga ƙudan zuma sun dawo.

Lawali ya ce wa Ƙaltume, "Kin ji ko? A ɗakinsa lafiya lau, a gidana ciwo. Wa ya san abin da ya musanya a can."

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Yaron da ke hardar hadisi zai saci gwangwani?"

"Ni ban ce ya sata ba."

"To me ka ce?"

"Na ce wa ya sani."

Ta dube shi ta gefen ido. "Wannan ƙugin da kake ji, ka tabbata daga sama yake?"

Samarin suka yanke shawarar mayar da akwatin kantin da aka sayo shi ranar Asabar, tunda da garanti, a ba su wani. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka wuce unguwar Jurf walimar wani abokin Walid. Ƙaltume ta kwanta ƙailula. Gida ya yi tsit.

Lawali ya hau sama. Rabonsa da shiga ɗakin nan har ya manta. Ya ga sukundireba mai jan mariƙi a kan tebur, ya ture shi gefe, ya zaro nasa. Ya kwance akwatin wutar, ya ajiye a kan darduma. Akwai wata 'yar takarda mai sheƙi manne a kan ɗaya daga cikin kusoshin, da rubutun Turanci. Bai iya karantawa ba, kuma a iya saninsa takarda ba ta taɓa hana shi isa ga kusa ba. Ya sa farce ya keta ta.

Yana ɗaga murfin, yatsansa ya taɓa wani abu a ciki, wuta ta fizge shi har gwiwar hannu, alhali wayar tana cire. Ya yi salati a hankali, ya tsotsi yatsan. Ya san irin waɗannan 'yan gwangwanayen masu riƙe wuta, yana gargaɗin mutane a kansu, amma yau hankalinsa ba ya kan aiki. Yana kan yadda za su dawo su kunna su ji shiru, Walid ya dubi abokinsa, abokin ya rasa ta cewa, sannan wani ya tambaya, wa ya taɓa? Ya ɓare bayan 'yar fankar, ya ɗiga mata mai. Ya ƙara mata, don ta san an zo. Ya rufe, ya ɗaura, ya kunna.

Ƙugin yana nan yadda yake. Ko kaɗan bai rage ba. Abin da ya ƙaru kawai warin man keke da iskar akwatin ke busowa cikin ɗaki.

Ya zauna a bakin gadon ɗansa yana saurare. Karon farko ke nan da ya saurari abin ba don ya ci gardama ba, sai ya ji fankar tana juyawa sumul, ƙarar daga wani wuri take can ciki. Ya kashe, ya sauka, ya sa wa yatsansa man goge baki.

Ranar Asabar da hantsi Walid ya tafi kanti da akwatin. Bai daɗe ba ya dawo da shi a hannu. Bai hau sama ba. Ya tsaya a ƙofar shago, ya tare haske.

"Baba, kai ka buɗe?"

Da Hausa ya yi tambayar. Lawali ya ɗago.

"Mai kanti ya ce an yage hatimi, babu garanti. Ya shinshina, ya ce wa ya zuba masa mai, ko tuya za ku yi? Mutane suna dariya. Ni na san warin nan tun ina goye." Kalmomin suna zuwa a karkace, in ɗaya ta ɓace ya cike da Larabci ya ci gaba. "Don mi ba ka tambaye ni ba? Kullum kana wucewa ta ƙofa, ina ganin inuwarka. Ba ka shigowa. Ba ka magana. Sai ba na nan ka shiga. Ni mi na yi maka?"

Lawali ya san ya kamata ya ji kunya, ya kuma ji ta. Amma wani abu yana tafiya tare da kunyar. Tunda aka haifi yaron nan bai taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Kuma harshen da ke fitowa ba na Zariya ba ne. Na Gobir ne, na tsohon da ya zo da ƙafa, wanda ya bi ta bakin Lawali ya shige kunnen yaron ba wanda ya sani. Ko a cikin wannan hali sai da ransa ya ce, to wannan dai ba ustazu ya ba shi ba.

A fili kuwa abin da ya iya cewa shi ne, "Fankar tana son mai."

Walid ya ajiye akwatin a kan teburin shago, ya hau sama.

Da la'asar Sharfuddeen ya zo, ya ji labari, bai ce komai a kai ba, wanda hakan ya fi ba Lawali haushi. Ya mayar da akwatin cikin na'ura, ya sauko ya durƙusa a tsakar gida inda Lawali da Ƙaltume ke shan shayi. Walid yana tsaye a matakala.

Sharfuddeen ya ce, "Baba, na yi ta tunani. Na'ura ɗaya, waya ɗaya, a ɗakina shiru, a nan ƙara. Ba abin da ya bambanta sai bango. Wa ya ja wutar ɗakin nan?"

Lawali ya ce, "Ni na ja. Wutar gidana lafiyarta lau, tun ba a haife ka ba."

"Ba na musu, Baba. Soket ɗin da ke gefen gado nake tambaya."

Ƙaltume ta ajiye kofi. Ta fara dariya ƙasa-ƙasa, ta rufe baki da gefen mayafi. Tun kafin ta yi magana Lawali ya tuna.

Ya ce, "Ke."

Ta ce, "A'a, Malam, yau kam sai na faɗa. Walidu, kana ƙarami kana da tarin ƙirji. In an kunna maka fanka ka kwana tari, in an kashe ka kwana kuka don zafi. Wannan bawan Allah da ba ya iya kiran sunanka, ya jira na tafi Makka gaida mamata, ya fasa bango ya sa wa soket ɗin nan abin rage gudun fanka, ya ɓoye murɗin a ƙasa inda baƙo ba zai gani ba. Kana barci ya shigo da sanɗa ya rage, in ka yi gumi ya ƙara. Da na gane, ya ce in na gaya wa kowa ya ɓata da ni. Daga baya aka sa kabad a wurin."

Ba wanda ya dubi Lawali, shi ma bai dubi kowa ba.

Samarin suka hau suka ture kabad. Ga murɗin nan a gindin bango, ƙura ta rufe shi, yana tsaye a rabi inda aka bar shi. Aka kunna na'ura. Sharfuddeen ya murɗa ƙasa, ƙugi ya haukace. Ya murɗa sama, ya lafa. Suka jawo doguwar waya daga soket ɗin baranda suka sa. Shiru, sai hucin 'yar fanka mai warin man keke. Akwatin bai da laifin komai. Ragaggiyar wuta ake ba shi, shi kuwa yana kuka.

Lawali yana ƙasa yana jin komai. Baƙon ya yi daidai, shi ya yi kuskure, a gidansa, a kan wutar da ya ja da hannunsa. Bayan haka kuma baƙon ya ji abin da shi Lawali ya ɓoye wa ɗansa shekara da shekaru. Da Sharfuddeen ya sauko ya ce, "Baba, sai da safe," da ƙyar ya amsa.

Da safe Walid ya shigo shago. Ya ɗan tsaya yana taɓa fukafukan da ke rataye. Sannan ya ce, da Hausa, yana duban bango, "Ina son sabon layi a ɗakin. Mai cikakkiyar wuta. Amma kar a cire wancan."

Aikin yini ɗaya ne, ko ƙasa da haka. Lawali ya shafe kusan mako yana yinsa. Yau ya ce waya ba ta isa ba, gobe ya ce siminti bai sha iska ba. Yana durƙushe a gindin bango, Walid na zaune gaban allo, jefi-jefi ɗaya ya ce wani abu ɗaya ya amsa. Ana cikin haka wata la'asar, Sharfuddeen yana zaune a bakin gado, Lawali ya miƙa hannu baya yana neman sukundireba. Sharfuddeen ya yi wuf ya ɗauko zai ba shi. Lawali ya ga hannun ta gefen ido, ya ƙi karɓa. Ya gyara murya.

Ya ce, "Walidu. Miƙo min."

Walid ya karɓi sukundireban daga hannun abokinsa, mai jan mariƙin ne, ya sa a tafin ubansa. Lawali ya juya shi, ya duba bakinsa, ya ce ƙarfen banza ne, ya ɗaure kusa da shi.

Sharfuddeen ya gama karatu ya koma Zariya. Lawali ya raka shi har mota da kwalin dabinon Khaibar, ya yi masa addu'a mai tsawo, kuma da gaske ya yi ta. Shagon yanzu ya fi zama a rufe, don masu kawo gyaran fanka sun yi ƙaranci, ta lalace a yar a sayi wata. Da yamma yakan zauna a tsakar gida, Walid ya zauna kusa, su yi 'yar hirarsu, rabi Hausa rabi Larabci. Amma in waya ta yi ƙara daga Zariya, Walid ya tashi yana dariya tun kafin ya gama sallama, sai ka ga tsohon ya miƙa hannu ya murɗa fankar da ke gefensa har ƙarshe. Ƙaltume ta ce zafi yake ji. Shi kuwa ya karkata kai, wai fankar yake saurare.